Tiya biyu, awo ɗaya

Saura kaɗan in yi wa mutanen Tawa ƙage a cikin aikina na ƙarshen shekara.

Aikin a kan wasulan Hausa ne: a, e, i, o, u, gajeru da dogaye. Na ɗauki muryar mata biyu, kakata a Damagaram da gwaggon wata ƙawata a Tawa. Na auna kowane wasali da Praat, manhajar nazarin sauti da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Amsterdam. Lambobi biyu ake cirewa, F1 da F2. Na farko yana bin buɗewar baki, na biyu yana bin matsowar harshe gaba ko baya. In ka ɗora su a kan zane, sai wasulan su zazzauna kamar yadda suke a cikin baki.

Da na jera zanen biyu, na gwaggo ya fito a tsuke, na kaka a baje. Murna ta kama ni. Har na rubuta cewa wasulan Tawa sun fi kusa da juna.

Malaminmu ya duba, ya ciro abin awo daga aljihu, ya ɗora a kan takardar.

"Ke, wannan akwatin ai bai kai wancan ba."

"Malam, girma ɗaya na ba su."

"Girman me?"

Nan na yi tsit. Ashe na faɗa wa kwamfuta girman zanen duka ne, har da gefen da rubutu ke zama. A zane na biyu kuma na ƙara girman haruffa daga 10 zuwa 18, don kada fotokofi ya cinye su. A Praat, in haruffa sun girma gefe ma sai ya faɗaɗa, ya ci filin da ke ciki. Ba bakin gwaggo ne ya tsuke ba, filin ne. Na auna hatsi da tiya biyu, ina cewa gonar wani ba ta yi ba.

Gyaran layi biyu ne a saman rubutun umarni. Na farko, Select inner viewport: 1, 5, 1, 4. Wannan ya kafe filin ciki a inci 4 a kwance da 3 a tsaye, wajen santimita 10 da 7 da rabi, ko haruffa sun yi ƙiba. Na biyu, Axes: 3000, 500, 1000, 200, don zanen biyu su fara su ƙare a lambobi ɗaya.

Da na sake zanawa, na haɗa takardun biyu na ɗaga su a hasken taga, wasulan suka kusan hawa kan juna. Babban bincikena ya tafi, na goge shafi guda da rabi. Ya yi mini ciwo, wallahi.

Ku da za ku kwatanta zane biyu bana, ku sa abin awo a kan akwatin tukuna, kafin ku ce wani abu a kan bakin mutane.