Abuja da kuɗin buhun masara biyu

A finafinanmu, in darakta yana so ya nuna wa 'yan kallo cewa jarumi ya faso gari, ba ya wahalar da kansa. Sai a hasko Ƙofar Gari ta Abuja, a hasko ƙubbar Masallacin Ƙasa tana walƙiya, daga nan a yanko wani falo mai kujerun alfarma, ga Alhaji ya harɗe yana amsa waya. Shi ke nan, an gama bayani. Yaron da ke kallo a Rurum ko Tarai ko Saya-Saya sai ya ƙudurta a ransa cewa shi ma wata rana sai ya taka garin nan. To amma kowa ya tambaya, amsa ɗaya ake ba shi: Abuja ba ta talaka ba ce.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Bayan kaka, ni daga Rano da wani abokina daga Kibiya, kowa ya sayar da buhun masara biyu, muka je muka yi kwana uku, muka dawo da tsarabarmu ba bashin kowa a kanmu. Abin da muka gano shi ne, kallon Abuja ba shi da tsada. Abubuwa uku ne ke cinye kuɗin baƙo: wurin kwana, kuɗin mota, da ƙarya. In ka iya da waɗannan, mai karatu, kai ma za ka je ka dawo lafiya.

Lissafi tun daga gida

Kafin mu bar gida sai da muka kasa kuɗin kowa kashi huɗu: na zuwa, na dawowa, na zirga-zirga da abinci, sai ɗan abin tsaraba. Na dawowa muka ƙulle shi a leda, muka cusa a aljihun ciki, da sharaɗin ko yunwa za ta kashe mutum ba zai taɓa ba. Kada ka yi wasa da wannan. Akwai samarin da suka je da niyyar kwana biyu, kuɗin mota ya ƙare, kunya ta hana su kiran gida, suka koma kwana a tasha suna dako.

Kada kuma ka yi lissafi da labarin wanda ya je shekarun baya. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa Oktoba 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja, kuɗin mota kuwa ya bi ta. Don haka ka je tasha da kanka, ko ka buga wa ɗan kamasho waya, ka ji farashin ranar.

Sai guzuri. Mun ɗauki garin kwaki da sukari, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, da gorar ruwa ta kowa. Ka sa katin shaidarka na ɗan ƙasa a jikinka, ka cika waya da caji, ka rubuta lambar mai masaukinka a takarda saboda halin ɓacin rana.

Hanya

Daga Rano muka biyo ta Bunkure, muka ratsa fadamun shinkafar da ruwan Tiga ke shayarwa, muka faɗo titin Zariya, muka shiga Kano. A Unguwa Uku muka hau motar Abuja da sassafe. Tafiyar safe ta fi kwanciyar hankali, domin kowa ya san labarin masu garkuwa da mutane a tsakanin Kaduna da Abuja, kuma baƙon da ya sauka a babban gari da dare ya ba 'yan damfara dama.

Muka wuce Kwanar Ɗangora, Zariya, Jaji, Kaduna, Katari, Tafa. Akwai jirgin ƙasa daga Rigasa ta Kaduna zuwa Kubwa da Idu, wanda aka buɗe a 2016. Shi ne aka kai wa hari a ranar 28 ga Maris, 2022, ya tsaya har zuwa Disamban shekarar. Mu dai mota muka bi, saboda in ka haɗa kuɗin motar Kaduna da na zuwa Rigasa da tikiti, lissafin mai buhu biyu ba zai ɗauka ba.

Dab da shiga, sai ga Dutsen Zuma ya tare gabanmu, baƙi ƙirin, da wani zane a jikinsa kamar fuskar mutum. Abokina ya zaro naira 100 yana gwada hoton da dutsen. Mu da muka tashi a gindin duwatsun Rano da Rurum muna ganin mun san dutse, amma wallahi wannan sai da muka yi shiru. Kallo na farko ke nan, kuma ko sisi ba mu biya ba.

Inda masu Abuja ke kwana

Otal a Maitama ko Asokoro ko Wuse 2 ba zancenmu ba ne, kwana ɗaya a wasunsu ya fi ƙarfin duk abin da ke aljihunmu mu biyu. To ina direbobi da masinjoji da masu gadi da ƙananan ma'aikatan da ke riƙe da garin suke kwana? A gefe. Wasu a Kubwa, Dei-Dei da Zuba, wasu a Nyanya da Karu, wasu ma a wata jihar: Mararraba da Masaka a Nasarawa, Madalla da Suleja a Neja. Da asuba su yi sahu su shiga birni, da yamma su fito. Wanda ke son ganin Abuja da kuɗi kaɗan, sahunsu zai bi.

Mu a Dei-Dei muka sauka, wurin kawun abokina mai sayar da kayan gwari. Mun sanar da shi tun mako biyu kafin mu taso, muka kuma kai masa daddawa da kuka daga gida. Ɗaki ɗaya ne, mu biyar a ciki, tabarma da fanka. Da ya ga muna waige-waige sai ya yi dariya ya ce, "Yara, ai Abujar ke nan. Waccan ta talabijin gobe za ku je ku gaishe ta ku dawo."

A Dei-Dei da Zuba ba ka jin baƙunta. Hausa ake yi a kasuwa, ga mai shayi, ga mai ƙosai, ga mai garau-garau. In ka ce daga Rano kake, nan da nan za a nuna maka wani ɗan Bunkure ko ɗan Tudun Wada. Tarihi ma ya ba ka gaskiya: Abu Ja, ɗaya daga sarakunan Haɓe na Zazzau, shi ya kafa garin Abuja na asali a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Rano da Zazzau kuwa duk 'yan Hausa Bakwai ne, ka ga ɗan Autan Bawo gidan dangi ya zo.

In ba ka da kowa a can, shawara ita ce ka dakata har ka samu. Ke kuma 'yar'uwa, kada ki kuskura ki je ba tare da sanin iyaye da amintaccen masauki ba.

Shiga cikin birni

Abuja ba garin tafiyar ƙafa ba ne kamar Kano. Unguwannin sun yi nisa da juna, titunan faɗi gare su, rana kuma ba ta da sauƙi. Acaɓa an hana shi a tsakiyar birni tun 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista. Saboda haka tasi ce abin hawa, kuma iri biyu ce. Akwai shata, wadda za ka ɗauka kai kaɗai ta kai ka ƙofar inda za ka. Akwai ta haɗaka, wadda suke kira "along", kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Kuɗin shata ɗaya zai yi maka yawon yini guda a ta haɗaka.

Dabarar ita ce ka san mahaɗu: Berger, Kasuwar Wuse, Area 1, Sakatariya, AYA. Daga kowace za ka sami motar zuwa ta gaba. Kawu ya zana mana su a bayan kwalin sukari, wannan kwalin ya fi mana komai amfani.

Ya kuma ja mana kunne kan 'yan "wan cans", ɓarayin da ke shigar direba da fasinjoji, su ɗauki mutum su kwashe masa waya da kuɗi su jefar da shi a hanya. Maganinsu, ka hau mota a tasha inda ake lodi a gaban jama'a, kada ka tsayar da wadda ba ka sani ba a bakin titi don an rage maka naira ɗari, kuma magariba ta yi maka a masauki. In za ka tsallaka babban titi ka bi ta gadar sama.

Abin da muka gani kyauta

Ranar farko Juma'a ce, muka nufi Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984. Ƙubbar nan mai ruwan zinare da hasumiyoyi huɗu da muke gani a farkon fim, ga mu a ƙarƙashinsu. Muka yi sahu da masu manyan riguna, ba wanda ya tambaye mu daga ina. Bayan an idar, harabar ta zama kasuwa: huluna, turare, littattafai, dabino, fura da nono. Daga can kana hango Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa. Muka bi ta Sakatariyar Tarayya da Dandalin Eagle, inda ake rantsar da shugaban ƙasa, muka hango ginin Majalisa da Dutsen Aso a bayansa. A nan ka mai da wayarka aljihu, jami'an tsaro ba sa son ɗaukar hoto.

Rana ta biyu muka je Millennium Park a Maitama, lambun da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a ranar 4 ga Disamba, 2003. Ba a karɓi ko kwabo a hannunmu a ƙofa ba. Ciyawa shar, ga bishiyoyi, ga masu hoton biki. Duk mai kallon waƙoƙin fim zai ji kamar ya san wurin. Muka shimfiɗa ɗankwalin da muka ƙunso guzuri, muka jiƙa garinmu, muka sha a tsakiyar unguwar masu kuɗi. Da la'asar muka wuce Tafkin Jabi, muka zaga kantin zamanin da ke bakinsa. Shiga kyauta ne, sanyin na'ura kyauta ne, hawa matakala mai tafiya da kanta ma kyauta ne. Hannunka dai ya zauna a aljihu.

Abu biyu suka tsaya mana a rai. Na farko, titin Aminu Kano Crescent a Wuse 2: sunan jagoran talakawa ne, amma kantuna da gidajen abincin da ke kansa ba su san talaka ba. Na biyu, gidajen man A.A. Rano da muka riƙa gani a manyan tituna. Duk inda muka hango sai na taɓo abokina in ce, "Malam, ga garinmu." Shi kuma ya ce to a nuna masa na Kibiya.

Ciki da ƙarya

Ƙa'idarmu kan abinci ita ce mu cika ciki a Dei-Dei da safe, koko da ƙosai ko shayi da burodi, da rana mu taɓa guzuri, da dare mu dawo wa tuwon gefen kasuwa. In yunwa ta matsa a cikin birni, ka duba inda direbobi da leburorin gini suke ci, a bayan ma'aikatu ko cikin Kasuwar Wuse. Kuma ka tambayi farashi kafin a zuba.

Ƙarya ita ce babbar mai cin kuɗi. Saurayi zai shiga gidan abinci mai gilashi don ya ɗauki hoto ya tura wa budurwa, ya fito ya bar kuɗin motarsa a kan tebur. Ka tuna, falon da kake gani a fim sau da yawa aro ne ko haya, motar ma haka, ana gama ɗauka jarumin zai tuɓe babbar rigar ya miƙa wa mai kula da sutura. In shi aikinsa ne ya yi shigar masu kuɗi, kai wa zai biya ka? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ga masu neman 'yan fim

Wasu ba don gari suke son zuwa ba, don su haɗu da taurari ne ko a saka su a fim. To ku ji da kyau. Gaskiya ne Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa tana da hedikwata a Abuja, kuma a can Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairu 2024, take shirya bikin finafinai na Zuma. In tafiyarka ta dace da lokacin bikin, ka yi sa'a. Amma cibiyar sana'ar tana Kano, a ofisoshin da ke Titin Gidan Zu da kewaye, tafiyar da ɗan Rano zai yi da safe ya dawo ya ci tuwon dare a gida. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ka same shi a wani otal a Abuja zai mai da kai jarumi, ka riƙe kuɗinka.

Tsaraba kuwa, kilishin Area 1 ya yi suna, ka sa a yanka maka daidai ƙarfinka. A Zuba ka sayi ayaba da lemo da abarba a kasuwar 'ya'yan itace kafin ka hau mota, sun fi araha a can, kuma su ne yara za su yi wa murna.

Kwana uku sun isa. Ranar farko ka ga masallaci da tsakiyar birni, ta biyu lambu da tafki, ta uku ka yi sallama da mai masauki tun bai fara ƙirga kwanon tuwo ba, ka kama hanya da sassafe. Masu niyyar zuwa bayan kakar bana, ku fara neman lambar kawunku tun yanzu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.