Cinikin A-kori-kura

Tsohuwar a-kori-kurar mahaifina ta girme ni. Peugeot 504 ce, ƙirar Kaduna, kuma da ita ya yi shekara da shekaru yana ɗauko riɗi daga Maigatari zuwa kasuwar Dawanau. A ƙarshen daminar 2023 ta tsaya cak a bayan Gumel da buhuna a bayanta, makanikinmu ya leƙa injin, ya goge hannu, ya ce a yi mata addu'a kawai.

A lokacin na gama hidimar ƙasa, ina zaune a gida da digirin nazarin tattalin arziki, babu aiki. Wata rana bayan sallar isha'i Baba ya kira ni, ya ce ya sayar da filinsa, ya haɗa da ribar da ya daɗe yana tarawa, sabuwar mota yake so, ba 'yar Kwatano ba. "Kai ne ka karanta kuɗi," in ji shi. "Nemo mana ta ƙwarai, a farashin da ba za mu yi kuka ba."

Lokacin kuwa bai dace da mai saye ba. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja. Dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen naira 460 ta wuce 700, a kasuwar bayan fage kuwa ta haura 1,000 kafin Satumba ya ƙare. Duk dillalin da na kira, maganarsa guda ce: wannan farashin na yau ne, gobe sai yadda hali ya yi. Kuɗin Baba suna ajiye a banki suna narkewa, ga kaka ta ƙarato.

Na yi abin da makaranta ta koya mini. Na tuntuɓi masu sayar da motoci uku, a Kano da Kaduna da Abuja, na nemi kowa ya rubuto mini farashinsa tare da abin da ke ƙunshe a ciki: kuɗin kwastan, harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100, rajista da lamba, inshora, kawowa har gida, da garanti. A nan na gane cewa farashin baki daban, abin da zai fita daga aljihu daban. Wanda ya fi kowa sauƙi a waya, da aka tara ƙananan kuɗaɗen da bai ambata ba, sai ga shi ya kusa kamo sauran.

Sai dai akwai abin da ban rubuta a takardata ba. Raina yana kan Hilux mai ƙofa huɗu, irin wadda manya ke shiga, domin na riga na hango kaina a cikinta a ƙofar gidan su wata yarinya. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni buhu nawa kujerun baya za su ɗauka. Muka tsaya a kan mai ƙofa biyu, mai dogon baya, mai giyar hannu, wadda kowane makanike a bakin hanya zai iya taɓawa.

Ana cikin haka wani ya turo mini hoton irin motar da muke nema, sabuwa fil da leda a kujera, a farashin da ya yi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba. Ya ce in tura kafin alƙalami kafin la'asar, domin akwai mai so. Saura ƙiris in tura. Abin da ya tsayar da ni shi ne kuɗin ba nawa ba ne. Washegari muka je da makanikinmu. Shi ya shafa cikin bayan motar, ya sunsuna, ya ce fentin bai daɗe ba. Ni kuma na duba lambobi huɗun da ke jikin taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, na ga tayoyin ba sa'o'in juna ba ne. Da na gwada lambar jikin motar da wadda ke kan takardar kwastan, sai suka sha bamban. A hanyar komawa gida ban iya haɗa ido da Baba ba. Bai ce mini araha ba ta ado ba, ya bar ni na faɗa wa kaina.

Ranar da za mu je wurin dillalin Kano, Baba ya gargaɗe ni tun a gida: kada in yabi mota a gaban mai ita, kada kuma in fito da takardata sai ya dube ni. Da muka isa ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da kasuwa, ya sha shayi. Motar da ta kawo mu ko kallon kirki bai yi mata ba. Kafin mu shiga ofis ma sai da ya tsaya hira da yaron da ke wanke motocin, abin da na ɗauka ɓata lokaci ne.

Mai motar ya faɗi kuɗinsa. Baba ya taya. "Albarka, Alhaji," in ji shi, "ka san yadda dala take." Baba ya ƙara kaɗan, aka sake cewa albarka. Sai ya dube ni. Na ajiye rubutaccen farashin Kaduna a kan tebur. Mutumin ya karanta, ya rage wani abu, amma bai kai inda muke so ba. Baba ya miƙe, ya yi godiya, ya ce Allah ya kawo kasuwa, muka fito.

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Kullum sai na duba farashin dala a waya, in ga ya motsa. A rana ta biyu na kasa daurewa, na ce, "Baba, idan ya ƙara kuɗi fa? Asarar za ta fi abin da muke nema a rage." Sai ya gaya mini abin da yaron nan ya faɗa masa: motar tana wurin tun kafin azumi, ma'aikatu da kamfanoni masu ƙofa huɗu suke ɗauka, ita babu mai tayawa. Ke nan da tsohuwar dala aka sayo ta, ake neman sayar mana da sabuwa. "Ni ma haka nake yi da riɗi," in ji shi. "Amma kayan da suka daɗe a ajiye, mai su ya fi mai saye ƙosawa, balle wata ya zo ƙarshe."

A rana ta uku wayar Baba ta yi ƙara. Da muka koma, na lura akwai sauran wurin matsawa, na yi masa raɗa. Ya girgiza kai. Ya nemi a haɗa da rajista da juyen mai na farko a cikin kuɗin, a rubuta komai a rasit, har da lambar jikin motar, wadda na bi harafi bayan harafi har 17. Mutumin ya ce ya sallama, suka yi musafaha. A waje Baba ya ce da ni, "Idan ka matse mai kaya har ya yi kuka, ranar da ka dawo da matsala ba zai gane ka ba."

Ba zan ce jiran nan ba shi da haɗari ba. Da wani ya riga mu, da labarin ya sauya, kuma da ni zan fara ɗora wa Baba laifi a zuci. Abin da na sani shi ne takardata ta nuna mana iyakar abin da ya kamata mu biya, amma ba ta san halin da mai motar yake ciki ba. Wannan sai da aka tsaya aka gaisa da mai wanke mota.

Ranar Alhamis ta farko da muka nufi Maigatari, Baba ya miƙo mini makulli, tare da littafin da yake rubuta cinikinsa. Tsohuwar Peugeot tana nan a ƙofar gida, awaki na fakewa a inuwarta. Masu sayen ƙarafa sun taya sau biyu, ya ce albarka.