Sanƙira Na Gari: Zaɓen Amfilifaya a Kurgu

Tun zamanin kaka da kakanni Hausawa sun san murya tana bukatar mai ɗaukarta. Idan ana ɗaurin aure ko raɗin suna, liman yakan yi magana a hankali, sai sanƙira ya karɓa ya ɗaga ta har na ƙarshen taro su ji. Sanƙiran kirki shi ne mai isar da magana kamar yadda aka faɗe ta. Wanda ya ƙara mata gishiri ya ɓata saƙo, haka kuma wanda muryarsa ta gaza. Aikin na'urar nan da ake kira amfilifaya ke nan, watau ta karɓi ɗan ƙanƙanen sauti ta ba shi ƙarfi. Saboda haka zaɓenta yana bukatar irin lurar da ake yi wajen zaɓen wanda za a ba amanar magana.

Akwai wani tsohon malamin firamare a Kurgu, cikin ƙasar Bagudo ta Jihar Kabi, wanda wannan zaɓe ya taɓa hana shi barci. Yankin nasu yana bakin iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahomi kafin 1975, kuma mahaɗa ce ta harsuna. Wanda ya zaga kasuwannin Lolo da Illo da Tsamiya da Ka'oje zai ji Hausa da Fulatanci da Dandanci da Busanci suna gogayya. Tun ƙasar tana cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Kabi a 1991, Malam ya sayi rikoda, ya shiga ɗaukar waƙoƙin noma da na su da na daɓe da na aure duk inda aiki ya kai shi. A kwana a tashi ya tara kaset cike da adaka. Yawancin waɗanda suka rera waƙoƙin sun riga mu gidan gaskiya, zaren kaset kuwa ba ya jiran kowa, zafi da laima suna cin sa a hankali. Da ya yi ritaya sai ya ƙudura niyyar rubuta baitocin kafin zaren ko kunnensa ɗaya ya gaza.

Wani tsohon ɗalibinsa mai gyaran rediyo a Bagudo ya kwafe masa kaset ɗin a memorin wayar hannu. Babban ɗansa kuma ya aiko masa da hedifon, irin mai rufe kunnuwa gaba ɗaya, ɗan Kwatano ne amma lafiyayye. Samfurin HD 600 ne na kamfanin Sennheiser na Jamus, wanda ya fara fitowa a 1997, masu sauraren kiɗa kuma suna girmama shi har yau. Malam ya jona shi a waya, ya murɗa sauti har ƙarshe, sai ya ji muryoyin kamar daga ƙasan rijiya. Ɗan ƙaramin iyafis na kasuwa ma ya fi shi amo. Nan take ya zaci an cuci yaron ne.

Ba a cuce shi ba. Kowane hedifon yana da abin da za a iya kira turjiya, watau gwargwadon yadda yake tirje wa wutar da ke shigarsa, ana kuwa auna ta da ma'aunin om, wanda aka sa wa sunan wani masanin Jamus da ya bayyana ƙa'idar a 1827. Iyafis na kasuwa turjiyarsa kan kasance om 16 zuwa 32, shi kuwa na Malam om 300 ne. Yawancin wayoyi ƙarfin da suke turawa ba ya wuce bolt 1. Idan aka tura bolt 1 ga mai om 32 zai sami miliwat 31, amma mai om 300 miliwat 3 da 'yan kai kaɗai zai samu, kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan. Ingarman doki ne aka ba shi harawar akuya.

Da aka gaya masa amfilifaya ce maganin abin, sai ya sayar da buhun shinkafa biyu ya nufi kasuwa. Can wani mai sayar da kayan sauti ya jawo masa wata ƙatuwa mai fitilu ja da kore, irin wadda ake ɗaura wa lasifika a masallatai da wuraren biki, ya yi ta kirarin yawan wat ɗinta. Malam ya ji ta kwanta masa, domin ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma a ganinsa mai girma ita ce mai kyau. Allah ya sa bai biya ba, ya ce sai ya yi shawara.

Ɗalibin nasa ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wagga ba taka ba ce. An yi ta ne don ta cika fili. Kai kuwa kunnuwa biyu za ka cika." Ya bayyana masa cewa irin waɗannan an ƙera su ne domin lasifika mai om 4 ko 8, wadda ke shan wat ɗari ko fiye, alhali hedifon ko wat ɗaya ya yi masa yawa. Ƙarfin da ya wuce kima zai iya ƙone shi, kuma shuuu ɗin da ba a lura da shi a fili, a cikin kunne sai ya zama kamar ruwan sama a kan kwano.

Daga nan ya zayyana masa abubuwan da ake dubawa. Na farko, ta iya tura bolt ɗin da ya ishi mai om 300, har a sami rara, don kada sauti ya tsage idan makaɗi ya doka ganga da ƙarfi. Ba turjiya kaɗai ake dubawa ba, ana kuma duba saurin amsawar hedifon, domin wani da wuta kaɗan yake yin amo, wani sai an matsa masa. Na biyu, ita ma amfilifaya tana da tata turjiyar a bakin mafita, masu wannan sana'a kuwa suna bin ƙa'idar kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Ga mai om 300 iyakar ta kai kusan 37, ga mai om 32 kuwa 4 ce kacal, in an zarce sai gangar ƙasa ta kumbura ta danne murya. Na uku, ta zama mai shiru. A jona ta ba tare da an kunna komai ba, a ɗaga sauti, a kasa kunne. Wadda ta yi gunji ita kaɗai, to da bakinta ta faɗi aibinta. Na huɗu ya shafi halin ƙauye, inda wuta sai ta ga dama. Wutar janareto takan shigo da gurnani cikin sauti, don haka mai batir a ciki, wadda za a caja da sola, ita ta fi dacewa.

A ƙarshe wata 'yar ƙarama aka yi masa saƙonta daga Kano, ba ta fi tafin hannu ba, kuɗinta ma bai cinye buhu ɗaya ba. Da aka jona sai muryoyin suka matso kusa, amma tare da su duk wani aibi na kwafin ya fito fili. Malam ya ɓata rai. Ɗalibin ya ce masa, "Ranka shi daɗe, abin da ta iske shi ta kawo. Da ta ɓoye maka, da ita ce maƙaryaciya." Sai suka koma tushe. Aka goge kan rikoda da auduga da sifirit, aka canja bel ɗin da ya saki har ya sa waƙa tana jan ƙafa, aka sake kwafe kaset ɗin ba tare da matse sauti don tsimin memori ba. Ragowar kuɗin shinkafar nan ya tafi, kuma nan ne aka sami mafi yawan gyaran.

Ɗalibin Hausa ba ya bukatar dogon bayani a kan dalilin wannan wahala. Harshen yana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, rubutun boko na yau da kullum kuwa ba ya nuna ko ɗaya. Kuka ta miya da kuka na hawaye haruffansu ɗaya ne, saukar murya a gaɓar ƙarshe ce ta raba su. Haka kuma tazarar da ke tsakanin d da ɗ, ko k da ƙ, 'yar ƙanƙanuwa ce, ita ce ta farkon ɓacewa a sauti mai hazo. Wanda ke rubuta waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo yana da abokan tuntuɓa da yawa idan kalma ta shige masa duhu. Mai rubuta waƙar wata tsohuwa da ta rera sau ɗaya a bakin Kwara ba shi da kowa sai zaren nan. Idan ya ji ba daidai ba, kuskuren ya zauna ke nan har abada.

Saura abu ɗaya wanda ba a sayar da shi a kasuwa, shi ne kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce awa 40 a mako yana sauraren sauti mai desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Don haka Malam ya ɗiga farin fenti a jikin maɓallin sauti, ya haramta wa kansa wuce wurin, yakan kuma tuɓe hedifon ya huta tsakanin kaset da kaset. Yanzu ya cika littafin rubutu na uku, adakar kuwa ba a ko kai rabinta ba. Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar kunne, ya kuma sa a sami masu karɓar aikin daga hannunsa.