Yini Guda a Bakin Kogin Ubangi



Wata rana a makarantar Islamiyya, ana cikin darasin tsarki, malam ya ambaci ruwan kogi, sannan ya tambayi almajirai ko su wane ne suka taɓa ganin Ubangi da idonsu. Kaɗan ne suka ɗaga hannu. Abin ya sosa mana rai, domin tsakanin unguwarmu da tsakiyar Bangui kilomita biyar ne kacal, kamar yadda sunanta ya nuna. Amma tun fitinar da ta ɓarke a watan Disamba na 2013, lokacin da Kilomita Biyar ta zama mafakar da ba a iya fita daga cikinta, iyaye suka saba da hana 'ya'yansu nisa. Ƙura ta lafa, tsoron bai fita daga zukata ba. Wannan ne ya sa muka yi shawarar ɗaukar hayar mota, mu kai yaran bakin ruwa wata Lahadi cikin rani.

Jagoranmu wani dattijo ne Bayakome wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙin jirgin ruwa. Da Sango yake bayani, mu kuma muna ƙara wa ƙanana da Hausa. Da hantsi muka bi titin Boganda har dandalin da ake fara ƙidayar kilomitoci daga gare shi, muka gangara gabas. Da ruwan ya bayyana, sai motar ta yi tsit. Wata yarinya ta tambaya ko teku ke nan. Dattijon ya yi dariya, ya ce ƙasarmu ba ta da teku, wannan ne tekunmu.

Zangonmu na farko shi ne kusa da otal ɗin Ubangi, inda duwatsu suka tokare kogin, ga dutsen Gbazabangui a bayanmu. Ya ce waɗannan duwatsu ne asalin birnin: jiragen Faransawa da ke hawowa daga Brazzaville sun kasa wuce su, sai suka kafa sansani a wannan yanki a 1889. Ya nuna mana gidajen da ke tsallake, ya ce Zongo ke nan, a ƙasar Kwango ta Kinshasa. Yaran suka yi mamakin yadda sunan ya yi kama da zangon fatakenmu, da yadda wata ƙasa take kusa har ana hango masu wanki a gaɓarta.

Daga nan hanya ta bi gindin dutse, ruwa na hannun dama, muka wuce gidan kurkukun Ngaragba muka isa Ouango. Can muka tarar da masunta sun dawo da giwan ruwa, ga samari suna nutso da bokiti suna cika kwale-kwale da yashin gini. Muka sayi kifin da aka naɗe da ganye aka gasa, wanda ake kira maboke. Matan da ke sayarwa suka gane daga ina muka fito, saboda hijaban 'yan matanmu. Ɗaya ta ce da can a kasuwarmu take sarin atamfa, rabonta da zuwa ya fi shekara goma. Ashe ba mu kaɗai ne tsoro ya tsare ba.

Muka juyo yamma, muka yi sallar Azahar a masallacin Lakouanga. An rusa shi a 2014, a 2015 kuma Musulmi da Kiristocin unguwar suka haɗa hannu suka sake gina shi. Mun gaya wa yaran labarin duka, rusawar da ginawar, domin wanda ya ji rabi kawai zai tashi da ƙiyayya ko da gafala. Muka kuma tuna musu cewa a ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shigo babban masallacinmu, lokacin da mutane da yawa ke shakkar taka unguwar.

Bayan salla muka wuce Kolongo, inda manyan tankunan man fetur suke. Dattijon ya bayyana cewa idan ruwa ya cika da damina, jirage kan hawo da mai daga Kinshasa. Idan ya janye da rani, sai a dogara da manyan motoci daga Duwala, tafiyar da ta haura kilomita 1,400. Nan 'ya'yan 'yan kasuwa suka fahimci abin da ya sa farashi ke hawa da sauka a shagunan iyayensu.

Zango na ƙarshe shi ne gadar kogin Mpoko a Bimbo. A wannan kogi ne, cikin watan Afrilu na 2024, wani jirgin katako da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife da masu zuwa jana'iza, mutane fiye da hamsin suka rasu. Muka tsaya shiru na ɗan lokaci. Dattijon ya ja kunnen yaran da kada su shiga jirgin da ya cika, ko da wa ya kira su.

Mun iso gida ana kiran Magariba. Kuɗin mota da na abinci bai fi ƙarfin iyalai biyar ko shida ba idan suka haɗa. Kiranmu ga iyaye shi ne: kakanninmu sun rataya gafaka sun keto daji daga Kano da Garwa da Ngaundere har suka zauna a nan, bai dace jikokinsu su tashi baƙi a garin da aka binne cibiyarsu ba. A nemi jagora wanda ya san gari, a fita da rana, a dawo kafin duhu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya. Amin.