Darasin Lissafi Da Haƙƙin Mutane

Shekarun da na yi ina koyar da lissafi a makarantun firamare na ƙasar Sabon Birni da Isa sun bar ni da ra'ayi guda, wanda nake so in gabatar wa 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata, tun da yake 'ya'yanku ne ke zaune a gabanmu. Ra'ayin kuwa shi ne, malamin lissafi yana koyar da hali, ko ya yi niyya ko bai yi ba.

Ku dubi irin tambayoyin da muka yi ta ba yara tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976. Wane ya sayi kaya kaza, ya sayar kaza, nawa ce ribarsa? Wane ya ba da rance da ruwa, nawa zai karɓa bayan shekara uku? Shekara shida yaro yana ƙidayar abin da zai shiga aljihu, da wuya a tambaye shi nawa ne haƙƙin wani a ciki.

Ni kuwa kasuwar Gatawa nakan ɗauko in kawo aji. Ga mai awo yana sayen gero da kwanon da ya ɗara na sayarwa da kashi ɗaya bisa goma. Ya auni kwano 100 daga hannun manomi, nawa ya rage masa in ya sayar da 100? Nan da nan yara kan ce goma. Sai in ce, to, goman nan na wane ne? A nan aji kan yi tsit, domin da yawansu sun san masu irin wannan kwano, kuma sun karanta Suratul Muɗaffifina a makarantar allo. Haka zakkar hatsi: idan ya kai nisabi, wato sa'i 300, na damina ɗaya bisa goma ne, wanda aka sha wahalar ban ruwansa a fadamar Rima kuwa ɗaya bisa ashirin. Yaro ya koyi kaso, ya kuma ga an yi wa gumin manomi lissafi.

Amma darasin da ya fi shiga raina shi ne na auli a rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. A kasa dukiya kashi 24: mata tana da sumuni, wato 3, 'ya'ya suna da sulusi biyu, 16, uwa da uba kowa sudusi, huɗu-huɗu. A tara, sai a ga 27. Dukiya ta kasa. Nakan bar yara su yi gardama a kan wanda za a rage wa, kuma kusan kullum matar suke nunawa, ita ce baƙuwa a gidan. Sa'an nan in nuna musu yadda malaman fara'ili suka yi: a mai da asalin rabon 27, kowa ya riƙe adadin kasonsa, ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga lissafi. Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babban sashe na littafin ya ba matsalolin gado da wasiyya.

Wani zai ce ina ruwan wannan da ƙasar da makarantu da yawa suka rufe saboda 'yan bindiga? Da ruwansa. A 2021 an ɗora wa garuruwa da dama na ƙasar Sabon Birni harajin zalunci na miliyoyin naira, kuma ba ɓarayin ke kasa shi gida-gida ba. Ɗan gari ne mai biro da takarda, wanda ya zauna a aji irin nawa, yake rubuta abin da attajiri zai bayar da abin da za a nema daga gidan marayu. Haka rabon kayan agaji ga waɗanda suka gudu Isa ko ƙasar Maraɗi, wani ne ke riƙe da jerin sunaye, shi ke cewa buhu nawa ya iso.