Ranar da barci ya sace ɗan jagora a Landan

A watan Yulin 2018, ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a Landan, saƙo ya iso mini cewa abokaina biyu na ƙuruciya suna tafe. Tare muka yi firamare, tare muka sha bulalar makarantar allo a unguwa ɗaya cikin birnin Kano. Ɗaya ya ajiye boko tun daga sakandare ya bi mahaifinsa Kantin Kwari, Allah kuma ya yi masa buɗi. Shi zan riƙa kira Alhaji. Ɗayan injiniya ne a wata ma'aikata, an turo shi taron ƙara wa juna sani na mako guda, Alhaji ya biyo shi don ganin likitan ido. Suka ce sun ware Litinin ɗaya sukutum in zaga da su gari, tunda ni ne ɗan gari.

Kalmar nan ta ɗan gari ita ta hana ni sukuni. Landan ɗin da na sani ba ta wuce wurare uku ba: ɗan ɗakina a can gabashin birni, da laburaren jami'a, da wani makeken sito inda nake lodin kwalaye da dare. Kuɗin da hukumar da ta ɗauki nauyin karatuna ta yi alkawari sun yi wata bakwai ba su zo ba, fam ɗaya kuwa ya haura naira 450. Bizar ɗalibi ta yarje mini aikin awa 20 a mako, ni kuma nakan cinye su cikin dare biyu, Asabar da Lahadi. Babu wanda ya san wannan a gida. Abin da aka sani shi ne Malam yana Ingila, kuma mai karatu ya san nauyin da wannan jumla take ɗauke da shi a unguwa.

Sai na shirya wa ranar kamar yadda nake shirya lacca. Na rubuta wurare a takarda, na haddace shekaru da sunaye. Abu ɗaya ya haɗa dukkan wuraren da na zaɓa: ba a biyan ko sisi wajen shiga. Na yi niyyar in nuna wannan a matsayin zaɓin masani, wanda ya wuce sha'awar kayan kallon 'yan yawon buɗe ido. Da ƙarfe 6 na safiyar Litinin na tashi daga aiki, na watsa ruwa, na sa kaftani, ƙarfe 9 ina ƙofar masaukinsu a titin Edgware.

Wanda bai taɓa ganin bazarar Ingila ba zai yi wuya ya gane yadda take ruɗa Bahaushe. A farkon Yuli rana kan fito kafin ƙarfe 5 na safe, ba za ta faɗi ba sai bayan 9 na dare. Bazarar wannan shekara kuwa ta zo da zafin da suka daɗe ba su gani ba. Ciyawar lambunansu ta bushe ta koma ruwan ƙasa, kai ka ce filin idi ne a watan Maris. Mu da muka taso muna gudun rana muna neman gindin darbejiya, sai ga mutane sun shimfiɗa tawul a tsakiyar fili sun miƙa mata jiki. Alhaji ya dube su ya dube ni, ya ce, "Dakta, waɗannan lafiyarsu kuwa?" Tun ban kammala ba yake kira na Dakta, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Muka fara da Fadar Buckingham don kallon canjin masu gadi da ake yi da ƙarfe 11. Taron ya fi ƙarfinmu, abin da muka fi gani shi ne wayoyin da aka ɗaga sama. Injiniya ya kutsa ya samo hotunansa. Alhaji kuwa jajayen rigunan sojojin ya tsura wa ido, ya ce ulu ne mai nauyi, duk wanda ya sa wa bawan Allah wannan da hular gashi a irin wannan rana ba ya tausayinsa. Dogaran Sarki sun fi su dabara, rigarsu tana shan iska.

Daga nan na ja su 'yan taku kaɗan zuwa gefen wani gida mai suna Lancaster House, inda na tanadi babbar laccata. A cikinsa aka yi taron tsarin mulkin Najeriya na 1957 da na 1958. Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Awolowo da Azikiwe duk sun zauna a ciki. Taron farko ne ya share hanyar naɗa Firayim Minista, na biyu ya tsayar da 1 ga Oktoban 1960. Na yi bayani da ɗaga hannu da sauke murya kamar ina gaban 'yan aji huɗu. Suka saurara cikin ladabi. Da na gama Injiniya ya tambaya ko ana shiga, na ce ba a buɗe wa jama'a. Ya ce, "To mu je wajen agogon."

A wajen agogon na fara jin kunya. Hasumiyar da kowa ke kira Big Ben, alhali sunan ƙararrawar da ke cikinta ne mai nauyin fiye da tan 13, tana lulluɓe da ƙarafan gyara tun daga ƙasa har sama. An fara aikin a 2017, an kuma tsayar da bugun ƙararrawar, ba a kammala ba sai 2022. Duk wanda ke ratsa tsakiyar birnin ya san haka. Ni ɗan gari ban sani ba. Injiniya ya ce shekara arba'in yana jiran hoto da agogon nan, ya zo ya tarar da shi a asibiti. Sai ya juya ya hango ƙaton lilon nan da ake kira London Eye a hayin kogin Thames, mai tsayin mita 135, ya ce to wannan dai ba za mu bar shi ba. Tikitin mutum ɗaya ya kusa fam 30, kuma a al'adarmu mai masauki ke sa hannu a aljihu. Na ce layin ya yi tsawo, mu bari sai yamma, akwai abin da ya fi shi muhimmanci.

Gidan adana kayan tarihi na Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, shi ne abin da ya fi muhimmancin. Muka sauka ɗakin kayan Afirka da ke ƙasa, muka tsaya gaban allunan tagulla na Masarautar Benin, an jera su a jikin sanduna. A 1897 sojojin Birtaniya suka ci birnin, suka kwashe dubban kayan fada, suka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba. Wannan gida shi kaɗai yana riƙe da fiye da 900 daga kayan masarautar, kuma wata doka ta 1963 ta ɗaure hannun masu kula da shi game da fitar da abin da ya shiga.

A nan muka yi musu na gaske, irin wanda muka saba yi a dakali. Injiniya ya ce mu ji tsoron Allah: ga su nan tsaf, babu ƙura, kowa na shiga kyauta, yaushe rabona da in taka Gidan Makama? Na ce rashin kulawar mai kaya ba ya halatta wa ɓarawo, na kawo hujjoji daga littattafai har muryata ta fara jawo idon mutane. Alhaji bai ce komai ba, yana ta leƙa yadda aka fitar da zanen tufafin mutanen da ke jikin tagullar. Can ya ce a kasuwa idan aka kama kayan sata a rumfarka, ba a tambayar ko ka iya ajiya. Ana mayar wa mai shi, in ya so ka roƙe shi ya ba ka aro. Na shekara ina karanta muhawarar masana a kan wannan batu, ban ga wanda ya taƙaita ta haka ba. Daga baya, a 2022, Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan da ke hannunta, wasu kuma suka ci gaba da zama a can a matsayin aro. Da na ji labarin, Alhaji na fara tunawa. Tambayar Injiniya kuwa har yau tana nan, don sai da na dawo gida da shekara biyu kafin na shiga Gidan Makama, shi ma baƙi na raka.

Da muka fito, Alhaji ya karɓi takardar daga hannuna, ya ninke ta ya sa mini a aljihu. Ya ce, "Dakta, ka yi naka, saura nawa." Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Liverpool Street. Layin yana da zurfi, babu na'urar sanyaya iska, zafin ciki ya tuna mini da motar haya a Kwanar Dawaki. Muna fitowa mutumin da ya wuni yana bin bayana ya shige gaba, yana ratsa lunguna kamar a Kwari, har muka ɓulla unguwar Petticoat Lane, inda shagunan leshi da atamfa da shadda suke jere. Bai taɓa zuwa ba, amma shekara goma yana hulɗa da su ta waya.

A nan na koma ɗalibi. Da ɗan turancinsa na kasuwa ya sa aka sauko masa da bandir-bandir. Yakan murza yadi tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci, ya ɗaga wa haske, sannan ya faɗi inda aka yi shi, mai shago ya gyaɗa kai. Daga bakinsa na ji cewa shaddar Getzner da muke yanka da sallah a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, babbar atamfa a Holan ake buga ta, wadda muke kira 'yar Ingila kuwa an daɗe da rufe aikinta a kusa da Manchester an mayar da shi Ghana. Ya ce Landan ba ta saƙa ko ƙyalle, dillanci kawai take yi, kuma dillali ya fi masaƙi ƙiba a ko'ina. Ina da babi guda a kundina da ke ƙoƙarin faɗar wani abu mai kama da wannan cikin shafi arba'in.

Wajen ƙarfe 3 da rabi muka taka zuwa masallacin Brick Lane don yin azahar, wadda a wannan lokaci waƙatinta ke kaiwa har bayan 5. Ginin yana cikin takardata, na kuma haddace tarihinsa: Faransawa 'yan gudun hijira suka gina shi coci a 1743, ya zama wurin ibadar Yahudawa a ƙarshen ƙarni na 19, sannan Musulmin Bangaladash suka mayar da shi masallaci a 1976. Na ƙudurta zan yi musu wannan bayani bayan sallama. Na jingina da bango don in yi tasbihi.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Na kusa awa biyu ina barci. Babbar rigar Alhaji tana ninke a ƙarƙashin kaina, su biyu suna zaune a gefe suna hira ƙasa-ƙasa. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ina cewa karatu ne ya yi yawa. Alhaji ya kamo hannuna ya juya tafin sama. Ya ce, "Wane littafi ne yake yanka hannu haka? Yankan kwali ne wannan. Yarana 'yan dako duk haka hannunsu yake. Tun da muka gaisa da safe na ji." Injiniya ya kawar da kai yana duba wayarsa, ko da yake na ga babu abin da yake dubawa.

Ban san me ya fi yi mini zafi ba a lokacin, tonuwar asirin ko gane cewa tun safe suna biye mini ne. Sun saurari laccar Lancaster House, sun yarda layin lilo ya yi tsawo, duk suna sane. Mu 'yan boko muna da wata irin cuta: mun ɗauka wanda bai karanta abin da muka karanta ba, ba ya ganin abin da muke ɓoyewa. Na gaya musu komai a ƙofar masallacin, tun daga wata bakwai ɗin har zuwa sito. Ba su yi mini jaje ba, kuma na gode da hakan. Injiniya dai ya ce ni wawa ne tun muna yara.

Muka ci shinkafa da nama a wani gidan abinci na 'yan Bangaladash, ban ma yi yunƙurin taɓa aljihu ba. A kan abincin Alhaji ya ce dama yana neman wanda zai riƙa zuwa shagunan nan sau ɗaya a mako, ya duba kayan da ya saya, ya tabbatar an ɗaure an aika, yana da la'ada a kan kowane bandir. Na san masu shagunan suna aika masa kaya shekara da shekaru ba tare da kowa ya duba ba. Shi ma ya san na sani. Na ce sai na tambaya ko bizata ta yarda. Ya ce in tambaya, amma in fara koyon bambanta leshi da labule.

Da muka isa gadar Tower Bridge ƙarfe 9 saura, rana tana nan ja a kan kogi, ta ƙi faɗuwa. Injiniya ya ba wata tsohuwa wayarsa ta ɗauke mu mu uku. Hoton yana ofishina yanzu. Su biyu suna dariya, ni kuma idanuna sun kumbura, shatin ɗinkin rigar Alhaji yana kwance a kumatuna. Ɗalibai sukan tambaya ko a wajen taron masana aka ɗauka, nakan ce a'a, yawo muka je.

Lilon dai ba mu hau ba, washegari da safe suka wuce filin jirgi. Har yau duk inda muka haɗu, ko a ɗaurin aure ko a zaman makoki, Injiniya sai ya matso kusa da kunnena ya tambaya ko layin ya ragu.