Cinikin Keken Dutse A Yammacin Kanada

A farkon watan Oktoba na sauka Vancouver don in duba ɗan ƙanwata da ke karatu a can. Kwana biyu da zuwana, bayan mun idar da sallar isha'i, ya gyara zama ya ce, "Kawu, akwai shawarar da nake so mu yi." Shekara guda ke nan yana aikin wucin gadi yana tari, ya haɗa dalar Kanada 2,500, kuma keke yake son saye. Ni da na tashi ina ganin Raleigh da Phoenix suna kai buhun hatsi kasuwa, sai na ji kuɗin ya yi wa keke yawa. Ya ce, "Kawu, ai ko kuɗin sabo bai kai ba. Bari mu je ka gani."

Ranar Asabar muka kama hanyar Whistler, tafiyar kusan kilomita 120 arewa da Vancouver, teku a hagu, duwatsu a dama. Garin ne ya karɓi wani ɓangare na wasannin Olamfik na hunturu a 2010. Kujerun da ke rataye a waya, waɗanda ke kai masu zamiyar ƙanƙara kan dutse da sanyi, tun 1999 suke ɗaukar kekuna idan ƙanƙarar ta narke. Na tsaya a gindin dutsen ina kallon mutane suna gangarowa, maza da mata, har da yara da masu furfura. Keke ya taho a guje, ya bar ƙasa gaba ɗaya, ya yi tsawon mota biyu a iska, ya dira ba ko ƙara. Gani ya kori ji. A nan na gane cewa sunan ne kawai ya haɗa wannan abu da keken da na sani.

Irin wannan hawa suna ce masa firirayid, wato hawan ganin dama: ba tsere ba ne, ba agogo, mutum ya zaɓi hanyarsa ta kan dutse ko gungume ko tudun tsalle. A wannan lardi na British Columbia aka haife shi. A shekarun 1990 samari suka riƙa shiga dajin da ke kan duwatsun Fromme da Seymour da Cypress, a arewacin Vancouver, inda ruwan sama ba ya barin ƙasa ta bushe, suna kafa siraran gadoji na katako a kan taɓo da faɗaɗɗun itatuwa. Wade Simmons da Richie Schley da Brett Tippie, waɗanda kamfanin Rocky Mountain ya ɗauki nauyinsu, su ne suka kai sunan abin duniya, kuma Simmons ne ya ci gasar Red Bull Rampage ta farko a jihar Utah ta Amurka a 2001.

Sirrin keken yana cikin shoka. Yana da ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiyar firam mai riƙe da tayar baya, kuma ana auna shi da zurfin lotsawarsu. Na hawan daji na yau da kullum yana lotsawa milimita 130 zuwa 150. Na firirayid 170 zuwa 180. Na tseren gangara zalla yana kai 200, amma shi ba ya hawa tudu, sai an kai shi sama da mota ko da kujerar waya. Sabo mai kyau yana farawa daga wajen dala 4,000, wasu sun haura 10,000.

To, yaya mai 2,500 zai yi? Abu na farko da ya ja hankalina shi ne kekunan manyan kantuna, masu shoka gaba da baya, suna ƙyalli, a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Na nuna masa ɗaya. Ya girgiza kai ya ce mu je wurin mai gyara tukuna. A wani ƙaramin shago a North Vancouver muka samu wata mata mai gyaran keke, hannunta duk baƙin mai. Da na yi mata tambayar, sai ta ce irin wancan na zagayen unguwa ne. Sifirinsa ba shi da man da ke tare shi, idan ya lotsa sai ya watso mutum sama, kuma firam ɗinsa ba a ƙera shi don dira ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya karya wuya. Ban sake tayar da maganarsa ba.

Sai batun saye kai tsaye daga kamfani. YT da Canyon na Jamus da Commencal na Andorra suna sayarwa ta intanet ba tare da dillali ba, shi ya sa farashinsu ke sauka. A kwali keken ke zuwa, mai shi ya ƙarasa ɗaurawa. Yaron ya buga lissafi da haraji da kuɗin aike, ya ga aljihunsa bai kai ba. Saura na hannu.

Lokacin ma ya taimaka mana. Filin kekunan Whistler yakan rufe wajen Litinin ta biyu a Oktoba, shagunan haya su fito da kekunansu su karyar, masu hawa su ma su sayar da nasu don su sayi kayan ƙanƙara. Keken haya yana da takardar gyara, wannan alheri ne. Amma 'yan koyo sun yi wata biyar suna faɗuwa da shi. Yaron ya ƙyasa wani tsohon keken tseren gangara mai taya inci 26, irin wanda yake gani a bidiyo, ga shi da araha. Na tambaye shi sau nawa zai zo Whistler a shekara, alhali ba shi da mota kuma tikitin kujerar waya kuɗi ne. Ya yi shiru. Dutsen Fromme kuwa bas na kai shi gindinsa, amma da ƙafarsa zai tuƙa zuwa sama. Matar ta ƙara da cewa kayan gyaran inci 26 sai raguwa suke yi, kasuwa ta koma 27.5 da 29. A ganina wannan ce gaɓar da ta fi kowace muhimmanci a cinikin: mutum ya sayi keken wurin da zai riƙa hawa, ba na wurin da yake mafarki ba.

Kekuna uku muka kai mata cikin mako guda, da yardar masu su, kuma kallon yadda take dubawa ya tuna mini da dattawan kara idan suna duba sa. Ba ta kallon fenti. Takan kama tayar baya ta girgiza ta hagu da dama, sannan ta ɗaga sirdi a hankali tana saurare. Idan ta ji ƙwas, boris ɗin mahaɗar firam sun ci. Wannan da sauƙi, ana canzawa. Sai ta goge firam ta haska tocila a kan kowace walda, musamman a wuyan keke da kusa da tayar baya. A kan na farko ta nuna mana wani siririn layi kamar gashi. Tsaga ce. Ta ce ko kyauta aka ba shi kada ya hau. Na biyu na zaren kabon ne, mara nauyi, abin sha'awa, amma akwai tabon dutse a cikinsa, kuma kabon yana iya ɓoye rauninsa a ciki. Ga shi yawancin kamfanoni garantinsu na mai sayen farko ne. Ta ce mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya ga alminiyam, ya haƙura da ƙarin nauyin.

A kan na uku ta daɗe. Ta bi sandunan shokar gaba da farcenta tana neman ƙarzuwa, domin ƙarzuwa ɗaya tana yanka roba, mai ya riƙa zuba, kuma canza su na iya cin ɗaruruwan daloli. Ta juya tayoyi ta ga ko gargaren ya karkace. Ta matsa birki: na mai ne, fistin huɗu, faifansa milimita 200, abin da ake bukata a doguwar gangara don kada ya yi zafi ya saki. Giyar Shimano Deore ce, ta talaka, ta ce kada wannan ya dame shi, giya mai tsada ba ta ceton kowa, kuma ita ce farkon abin da dutse ke karyawa. Ta tambayi mai shi yaushe aka zuba wa shoka mai. Masu ƙera shoka na RockShox sun ce a buɗe shokar gaba duk bayan awa 50 na hawa, mutumin kuwa ya yi fiye da shekara bai yi ba. Da wannan ta sa aka rage mana kuɗi. Daga ƙarshe ta sa yaron ya hau ya zagaya, don keken da ya yi wa mutum kaɗan ko yawa ba shi da araha ko nawa aka sayar.

Saura abu ɗaya, kuma ni na dage a kansa. Satar keke ta yi yawa a Vancouver. Kowane keke yana da lamba a ƙarƙashin firam, kuma akwai rajista mai suna 529 Garage da 'yan sandan birnin ke aiki da ita tun 2015. Muka duba, ba a kai ƙarar lambar ba, mai shi kuma ya kawo rasiɗinsa na asali. Ba zan yarda ɗanmu ya hau kayan sata a ƙasar mutane ba.

An daidaita a kan 1,900: alminiyam, shekararsa uku, lotsawa milimita 170, taya 27.5. Yaron ya so ya ƙara ragowar ya nemi wanda ya fi shi. Na ce a'a. Dala 600 ɗin ta tafi ga hular kwano mai rufe haɓa, sabuwa dal, domin hula ba a sayen ta hannu, da makarin gwiwa, da kuɗin gyaran shoka. Na ga motar asibiti a gindin dutsen Whistler, kuma ni zan koma gida in dubi idon mahaifiyarsa. Hanyoyin suna da alama: kore na 'yan koyo, shuɗi na matsakaita, baƙi na gwanaye. Ya yi mini alkawari zai fara daga kore, tare da malami, kuma ba zai shiga daji shi kaɗai ba.

Ya kuma rubuta sunansa a aikin gayyar da ƙungiyar masu keken arewacin Vancouver ke shiryawa, inda mahaya ke fita da shebur da diga su gyara hanyoyin da suke bi. Wannan ya faranta mini rai fiye da cinikin. Ranar da na taso, keken yana shagon matar, an kwance shokarsa ana zuba sabon mai. Sai Laraba zai karɓo shi.